Jirgin Hajiya Kulu Mai Jan Mutane

Tun da na dawo daga Madarumfa ban samu na sha shayi cikin natsuwa ba. Da na zauna a teburin mai shayi na bakin tasha, kafin a zuba mini madara wani zai jawo benci ya ce, "To Rewaya, wai da gaske ka shiga ruwa?" Na faɗa har bakina ya gaji. Abin da ya fi damuna, labarin ya fara ƙiba a bakin mutane. Shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa cewa kada ya biyo mu har gaɓa. Babu kada. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi yadda abin ya kasance daga fari har ƙarshe, kowa ya huta, ni ma in huta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sanusi, aikina gyaran wutar mota a nan Kaura, shi ya sa ake ce mini Rewaya. In fitilar motarka ta ƙi kamawa ko batir yana kwana ya mutu, wurina ake turo ka. Ruwa kuwa, iyakar sanina da shi gulbin Gagare ne da rani, lokacin da bai wuce idon sawu ba.

Alhaji Mamman, wani ɗan kasuwar hatsi na Shinkafi da nake yi wa gyaran babbar motarsa, shi ya jawo mini wannan tafiya. Ina kwance ƙarƙashin sitiyari ina bin wata waya sai ya leƙo ya ce, "Sanusi, kana gyaran jirgi?"

Na ce, "Alhaji, jirgin da ya kwana biyu bai shigo Kaura ba? Ai wanga sai gwamnati."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce ba na ƙasa yake nufi ba, na ruwa. Yayarsa Hajiya Kulu, haifaffiyar Shinkafi, ta daɗe da aure a Madarumfa ta ƙasar Nijar, bakin tafki. Mijinta ya rasu bara waccan, ya bar mata jirgin katako mai inji wanda ke fito da mutanen ƙauyukan ƙetare ranar kasuwa. Da shi gidan ke ci. To yanzu jirgin ya fara jan mutane. Duk wanda ya dafa ƙarfen gefe sai ya ji kamar kunama ta harbe shi, batir kuma ba ya kwana da rai. Mutane suka ce iskokin ruwa ne suka shiga, wasu suka ce marigayi ne bai yarda a ci gaba da aiki da jirginsa ba. Fasinja suka watse. Har wani ya zo taya jirgin don ya farfasa ya yi ƙofofi da katakon.

Alhaji ya sassauta murya ya ce, "Ita ta goye ni, Sanusi. Ban iya kallon a sare jirgin nan."

Na so in ce ban san aikin ba. Amma waya waya ce, kuma mutum mai furfura ya roƙe ni. Na amsa.

Da na gaya wa maiɗakina Luba cewa za mu bi ta Ɗan Isa, ko ɗaga kai ba ta yi daga tankaɗen da take yi ba. Ta ce in biya in gaida gwaggonta, in kuma dawo kafin magariba. Sai da na yi mata bayani cewa ba Ɗan Isa tamu ta nan kusa ba, akwai wata can bakin iyaka bayan Jibiya. Nan ta ajiye rariya. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, ga damina, gero ya rufe daji. Ba ta hana ni ba. Ta dai kwana ba ta yi mini magana sosai ba, da safe kuma na tarar ta ƙulle mini hoce da ƙuliƙuli a leda, ta tura cikin jakar kayan aiki tsakanin filaya da mita.

Alhaji ya iso daga Shinkafi da hantsi, da saƙon dangi kamar mai kai lefe: shinkafa, busasshiyar kuɓewa, da wani ƙullin daddawa da aka ɗora mini a cinya. Har muka isa inda za mu, duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya waiwaya ya dube ni, ni kuwa in dubi taga.

Direbanmu ba ya wuce motar da ta fito daga gaba sai ya rage gudu ya fiddo hannu. Ɗayan ya ce, "Lafiya lau, ku tahi," sannan a ji numfashi ya dawo cikin mota. Haka muka yi ta yi. Dab da Dauran aka fara yayyafi, sai abin share gilashi ya tsaya cik. Direba ya fito da kai ta taga yana tuƙi, ruwa na dukan fuskarsa. Alhaji, maimakon ya rufa mini asiri, ya ce, "Ai muna da likita cikin mota." Haka na fita cikin yayyafi na sa kai ƙarƙashin bonet, wata tsohuwa tana riƙe mini da faifai a ka. Waya ce ta kwance. Da abin ya motsa mota ta ɗauki kabbara kamar na tayar da matacce.

Mun isa Zurmi bayan azahar, direbobi suka ce ba mai bin hanyar Gurbin Ɓore da yamma, sai gobe in rana ta fito a tafi a jere. Muka sauka gidan wani aminin Alhaji, Malam Garba mai awo. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure tsakanin buhunan dawa, aka kawo tuwon gero da miyar kuka mai man shanu, irin wanda in ka ci sai ka nemi bango ka jingina. Malam Garba ya yi zaman Baga da ƙuruciyarsa, ya san ruwa. Da ya ji ban taɓa shiga jirgi ba sai ya gyara zama.

Ya ce, "Yaro, abu guda zan hwaɗa maka. In jirgi ya karkata, kada ka miƙe. Mai miƙewa shi ka kifar da mutane. Ka zauna kamar an kafe ka da ƙusa."

Na ce in sha Allahu ma ba zan shiga ba, daga gaɓa zan yi aikina. Ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi rufin zaure.

Washegari muka bi ayarin motoci, ba mai hira, sai tasbaha. Da muka hango Jibiya wani ya saki wata irin hamma, kowa ya fashe da dariya. Daga nan sai Magama, sai iyaka.

Ni da nake jin ana cewa ƙasar waje, na ɗauka zan ga wata katanga. Sanda ce aka gicciya a kan durom biyu. Gero na wannan gefe da na wancan duk tsayinsu ɗaya. Wani jandarma dogo ya buɗe jakata, ya ajiye hocen Luba gefe da ladabi, ya ɗauko mita yana juya ta.

"Wanga mi ne?"

Na ce da ita nake gane inda wuta ta tsaya. Ya dube ni, ya dubi wata fanka da ke rataye a rumfarsu ta yi shiru kamar mai takaba. Bai roƙa ba, ni ma ban jira ya roƙa ba. Kafin Alhaji ya gama da takardunmu fanka tana juyawa, jandarma ya tura hularsa baya yana shan iska. Na ba shi hoce guda, ya gutsura, ya tauna, ya ce mu Zamfarawa haƙoranmu na da albarka.

Abin da ya fara ba ni mamaki a can shi ne burodi. Dogo ne kamar sandar makiyayi, ana rataya shi a hammata, ɓawonsa yana yanka dasashi. Na biyu agogo. Mai motar da za ta kai mu Madarumfa ya ce zai tashi ƙarfe goma sha huɗu. Na ce wa Alhaji ko dai mutumin nan yana shaye-shaye ne, agogon duniya ai a sha biyu ya tsaya. Ashe ƙarfe biyu na rana yake nufi. Shayinsu kuma ba irin namu ba ne mai madara da kofi cike. Ɗan mitsitsin kofi ne, baƙi, ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka sha na fari ka tashi ka yi rashin kunya, sai ka jira na biyu da na uku. Mu nan mai shayi so yake ka sha ka ba wani wuri. Su can so suke ka manta da inda za ka.

Hajiya Kulu muka tarar a bakin wani durom tana bandar kifi, hayaƙi ya rufe ta. Doguwa ce, ta manyanta amma ba ta ranƙwafa ba. Alhaji Mamman, mutumin da 'yan dako ke tsugunna wa a kasuwar Shinkafi, ya cire takalmi ya durƙusa. Ta dube shi ta ce, "Mamman, ka yi tumbi. Ba ka tahiya ƙasa ko?" Ya ce, "Ina yi, Yaya." Sannan ta juyo kaina.

"Kai ne mai maganin?"

Na ce, "Allah ne mai magani, Inna. Ni dai waya na sani."

Ta ce, "To ɗana, ci abinci tukuna. Jirgin ya jira wata da watanni, ya iya jiran kwano guda."

Aka kawo dambu da zogale da kifi tarwaɗa gasasshe, wanda in na ce muku girmansa za ku ce na fara irin ta masu kada. Masaukina ɗakin marigayi ne na ƙofar gida, cike da tsofaffin taru da ƙugiyoyi. Na rataya rigata a wata ƙusa, da safe na ɗauko ta da ƙugiya uku a jiki. Sauron bakin tafki kuwa ba ya kuka, aiki kawai yake yi.

Mai tuƙa jirgin Illa ne, ƙanin marigayi, mutum mai kamar shekara hamsin da 'yan kai, gajere, ba ya son yawan magana. Shi ya kai ni gaɓa. Muna tafe ya ce, "Matsalar dai kura ce. Kura ta cika jirgin, tana cizon mutane."

Na ja na tsaya. Na ce, "Kura? Cikin jirgi?"

Sai da ya nuna mini wayar lantarki a kan turke sannan na gane haka suke kiran wuta, da bakin Faransa. Bai gama ba kuma. Ya ce ya riga ya saya wa injin sabon buji. Na ce a raina, inji da buje, saura ɗankwali. Ashe fulogi ne.

Jirgin yana nan rabinsa a ruwa rabinsa a laka. Dogo ne, katako mai kauri, an liƙe shi da kwalta da faci-facin kwano, da rumfa a tsakiya, da ƙarfen dafawa da ya bi gefe ɗaya. Tsoho ne amma ka ga an so shi. Da na ɗaga allunan ƙasa na ga wayoyin, sai da na yi salati. Marigayi, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai dabara, amma duk wayar da ta faɗo hannunsa sai ya ƙara: ta rediyo, ta dutsen guga, har da ta keken ɗinki. Duk mahaɗa an murɗe ta da hannu an naɗe da leda. Rabinsu kwance suke cikin ruwan da ke taruwa a gindin jirgi. Na feɗe guda, maimakon jan ƙarfe sai ga kore kamar miyar kuka, yana marmashewa. A gurbin fis kuwa, ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, ƙusa na tarar, an soka ta ta yi tsatsa. Ga jarkar fetur nan kusa da ita.

Mutuwar batir ba ta ba ni wahala ba. Na kashe komai na sa mita, na ga wuta na fita. Na yi ta cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya har allura ta kwanta. Wayar famfon da ke kwashe ruwa ce, mahaɗarta tana jiƙe dare da rana, batir yana tsiyaya cikin ruwa kamar tulu mai huda.

Jan mutanen ne ya tsaya mini. Batir irin wannan ba ya jan mutum, ko yaro ya sani. Na dafa ƙarfen, shiru. Na jiƙa hannu na dafa, shiru. Mutanen da suka taru a gaɓa suna kallo suka fara gyaɗa kai, wani ya ce ai iskoki ba su taɓa baƙo ranar farko. Na tambayi Illa yaushe abin ke faruwa. Ya ce sai ana tafiya. Ya ƙara da cewa duk lokacin da ya ja mutum, injin ma sai ya yi tari.

Na ce ya tayar da inji. Na tsaya ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen allo, na kama ƙarfen da hannu biyu kamar jarumi.

Jama'a, ban san lokacin da na kira sunan mahaifiyata ba. Na yi baya na zauna daɓas cikin ruwan gindin jirgi, hulata ta yi nata wuri. Gaɓa ta kaure da dariya da salati. Amma ina zaune cikin ruwan nan murna nake yi, don na ji injin ya yi tari daidai lokacin. Abin da ke sa inji tari kuma ya ja mutum, waya ɗaya ce: wadda ake kashe inji da ita. Na bi ta da yatsa. Marigayi ya ƙara mata tsawo ya kai makunnin tsakiyar jirgi don ya riƙa kashewa daga inda yake zama, ya ɗaure ta a jikin ƙarfen dafawa. Shekara da shekaru tana gugar ƙarfe har rigarta ta cinye. Wurin bai fi ƙwayar gero ba. Na kira Illa na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga ɗan abu ne ya kore muna mutane?"

Da yamma na gaya wa Hajiya gaskiya. Na ce in na naɗe wurin zai daina ja, amma sauran wayoyin wata rana za su kama da wuta a tsakiyar ruwa. Gara a kwashe duka a sa sababbi. Ta ce, "Kwashe. Amma kada ka zubar da nashi, ka tara mini." Haka na yi. Na naɗe tsofaffin wayoyin marigayi na kai mata, ta karɓa da hannu biyu ta shige ɗaki.

Aikin ya ci mana kwanaki. Ranar farko na ba da kaina. Na ɗaura sabuwar fitila a gaba, na ja mata waya ɗaya, ɗayar kuma na ɗaure ta da noti a jikin jirgi yadda na saba, don a mota jikin ƙarfe shi ke mayar da wuta ga batir. Na kunna, ba ta kama ba. Na canza ƙwai, ba ta kama ba. Ina ta zufa. Illa da ke zaune yana ɗinkin taru ya ƙwanƙwasa gefen jirgin da ɗan yatsa, ya kira ni da sunan da suke kiran mai gyara, ya ce, "Usta, itace ne hwa." Na dube shi, ya dube ni. Ranar na fara ganin haƙoransa.

Daga nan komai waya biyu na ja masa, mai kaiwa da mai dawowa. Na bi da su ta sama, ƙarƙashin leɓen jirgi inda ruwa ba ya kaiwa, na zura su cikin tiyo. Kowace mahaɗa na narka mata dalma. Kan batir ya yi fari da gishiri, Hajiya ta jiƙa mini kanwa da ruwan zafi na wanke, na shafe da giris, muka yi masa akwati muka ɗaga shi nesa da fetur. Kowane abu na ba shi fis nasa, na jera su cikin wata robar abinci mai murfi da Hajiya ta ba ni bayan ta ja mini kunne cewa ta Makka ce. Na sa babban makunni guda wanda in an murɗa shi komai ya mutu. Muka je Maraɗi ni da Alhaji muka sayo faifan sola muka ɗaure a kan rumfa, na fitar da wurin cajin waya don fasinja.

Ina cikin wannan ne na ci karo da wani tsohon hon na babbar mota ƙarƙashin allon gaba, zanzaro ya gina gida a bakinsa. Ba wanda ya ce in gyara. Hannuna ne dai ba ya iya ganin abu a mace ya wuce. Na fasa ginin, na goge, na ja masa waya. Ranar Hajiya ta tafi suna wata unguwa. Da na danna, ya yi wata ƙara mai kauri kamar bajimin sa. Illa ya ajiye tarunsa. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Lafiya," ya ci gaba da ɗinki.

Ranar kasuwa ta zo. Mutane suka taru a gaɓa amma ba mai shiga. Na haɗa kayana ina shirin kallo daga tudu, sai Hajiya ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A garin ga, wanda ya gyara jirgi shi ka fara shiga. Ɗana, bismilla."

Na nemi Alhaji da ido, na tarar ya sami abin kallo a sama. Na shiga. Illa ya tayar da inji. Na tsoma hannu a ruwa, na kama ƙarfen, na riƙe, na ɗaga ɗaya hannun kamar mai rantsuwa a kotu. Wata mata mai tallan nono ta ce, "In ya ja shi mu gani." Bai ja ni ba. Ita ta fara shigowa, ta taɓa ƙarfen da ɗan yatsa kamar mai gwada zafin tukunya, sannan ta zauna. Sauran suka biyo.

Zuwa lafiya lau. Na zauna a tsakiya na ƙanƙame allo, ban kalli ruwa ba, ƙafafuna nake kallo. A dawowa ne, bayan la'asar, mun ɗauko mutanen ƙetare da buhuna da awaki biyu, hadari ya taso daga gabas. Kafin mu kai tsakiya gari ya yi baƙi, iska ta fara ɗaga jirgin tana bugawa. Ruwan sama ta sama, na tafki ta gefe. Mata suka fara salati, awaki na kuka. Illa ya ce, "Usta, famfo!" Na kunna, ya kama, na ji yana feso ruwa waje. Na ce alhamdu lillahi. Ban rufe baki ba ya tsaya.

Ruwa ya rufe mini idon sawu. Jirgin ya karkata, duk jikina ya ce in miƙe, sai maganar Malam Garba ta faɗo mini. Na zauna. Wani mutum kusa da ni ya yunƙura, na jawo rigarsa na ce, "Zauna, baba!" da wata murya da ban san ina da ita ba. Na ja gindi har wurin robar Hajiya, na buɗe, na haska. Fis na famfo ya ƙone. Wani abu ya shaƙe famfon ke nan. Da ƙusar nan ce a wurin, waya ce za ta yi ja ta kama. Na kwanta rubda ciki cikin ruwa, na zura hannu ƙarƙashin allo ina lalube, na jawo wata leda da ta naɗe bakin famfon tare da ƙaiƙayi. Na ɗauko sabon fis, ya suɓuce mini ya faɗa ruwa. Na sa wani. Famfo ya yi gurnani ya kama.

Gaɓa ba ta ganuwa. Illa ya kunna fitilar gaba, ba ta nuna komai sai zaren ruwa. Sai na ga ya miƙa hannu ya danna hon, gajere, sannan dogo. Ya jira. Ya sake. Can sai muka ji ana buga wani abu kamar faranti, daga hagu, ba inda muka dosa ba. Ya juya kan jirgin ya bi ƙarar.

Hajiya Kulu ce tsaye cikin ruwan sama, ba mayafin kirki, da murfin durom da muciya a hannu. Mutane suka yi ta fita suna yi wa juna barka, mai nono ta ce ita daga yau ba ta da jirgi sai wannan. Ni kuwa da ƙafata ta taɓa laka sai na durƙusa a nan. Hajiya ta dubi Illa, ya sunkuyar da kai, ta juya ta nufi gida. Da muka isa tuwo yana kwance a kwano da zafinsa.

Sai da safe, muna sallama, ta kira ni gefe ta ba ni kwali cike da bandar kifi. Ta ce, "Wa ya ce ka gyara hon?"

Na ce ba kowa, in laifi ne a yafe mini, yanzu sai in cire.

Ta ce, "Kada ka taɓa shi." Ta gyara bakin zanenta. "Marigayi in ya taso daga ƙetare haka yake dannawa, gajere da dogo, in ji daga gida in ɗora tukunya. Tun kafin ya kwanta ciwo abin ya mutu, kullum yana cewa zai gyara. Jiya ina zaune na ji shi. Wallahi ɗana, sai da na hura wuta na ɗora ruwa sannan na tuna." Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta daka wa Alhaji tsawa ya zo ya ɗauki kwalin, wai ba ya ganin yaro ya gaji.

Dawowa ba ta da labari, kuma a hanyarmu wannan shi ne babban alheri. Jandarma ya ɗago mana hannu daga ƙarƙashin fankarsa. Mun sake kwana Zurmi, Malam Garba ya sa na maimaita masa labarin hadarin har sau nawa, kowane karo yana cewa, "Ka zauna dai ko?" Warin daddawa ya koma na kifi, fasinja suka ci gaba da waiwayena.

Daga tashar Kaura na hau kabukabu da kwalina. Maganar Hajiya tana raina tun daga iyaka. Da muka iso ƙofar gida na ce wa mai mashin ya dakata, ya danna mini hon, gajere sannan dogo. Ya dube ni kamar na zautu, amma ya danna. Na tsaya ina gyara hula ina jira.

Luba ta leƙo daga zaure da ludayi a hannu, fuska a murtuke. "Wane marar aikin yi ne ka cika muna kunne?" Sai ta gan ni. Ta tsaya. Ta dube ni daga hula har takalmi kamar mai ƙirga gaɓoɓina.

Na ce, "A Madarumfa haka ake yi. In maigida ya danna sai a ɗora tukunya."

Ta ce, "To nan Kaura ce, sallama aka yi." Ta karɓi kwalin, ta juya, sannan ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "Shigo ka ci. Tun ranar da ka tahi ban fasa auna hatsi da kai ba."